W.E.B. Du Bois: Masanin da ya yanke ƙauna da Amurka, aka binne shi a Ghana

A ranar Laraba, 28 ga Agusta, 1963, mutane kusan 250,000 suka hallara a birnin Washington domin gangamin neman aikin yi da 'yanci, taron da Martin Luther King ya gabatar da jawabinsa mafi shahara. Kafin King ya hau mumbari, babban sakataren ƙungiyar NAACP, Roy Wilkins, ya sanar da mahalarta cewa W.E.B. Du Bois ya mutu a daren jiya a birnin Akra na ƙasar Ghana, yana da shekara 95. Wilkins ya tuna musu cewa muryar wannan dattijo ce ta fara kiran irin wannan taro tun farkon ƙarni, amma bai ɓoye cewa a ƙarshen rayuwarsa mutumin ya bi wata hanya dabam ba.

Hanyar da Wilkins ke nufi ita ce ta kwaminisanci da ƙaura. Du Bois yana cikin waɗanda suka kafa NAACP, shi ne baƙar fata na farko da ya samu digirin digirgir a Jami'ar Harvard, kuma ya shafe sama da shekara 60 yana rubutu a kan halin da baƙaƙen fata da talakawan Amurka ke ciki. Duk da haka ya mutu yana ɗan ƙasar Ghana, bayan gwamnatin ƙasar da aka haife shi ta gurfanar da shi a kotu yana da shekara 83, ta kuma riƙe masa fasfo na tsawon shekaru. Ya fara rayuwarsa da cikakken imani cewa Amurka za ta gyaru idan aka nuna mata gaskiya. Wannan imani bai rushe a rana ɗaya ba.

Ɗan talaka a garin Turawa

An haifi William Edward Burghardt Du Bois a ranar 23 ga Fabrairu, 1868, a Great Barrington, wani ƙaramin gari a jihar Massachusetts da ke arewacin Amurka, shekara uku bayan an haramta bauta a ƙasar. Mahaifinsa, Alfred, ya bar gida tun yaron yana ƙarami, bai sake dawowa ba. Mahaifiyarsa, Mary Silvina, ta rene shi da aikatau a gidajen mutane, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta. Danginta sun daɗe a yankin, kuma asalinsu wani bawa ne mai suna Tom da aka kawo daga Afirka ta Yamma, wanda ya samu 'yanci a zamanin yaƙin neman 'yancin kan Amurka.

Baƙaƙen fata kaɗan ne a garin, saboda haka yaron ya yi makaranta tare da 'ya'yan Turawa, ya kuma fi yawancinsu ƙoƙari. Abin da ya koya a wannan muhalli shi ne cewa duk wanda ya dage zai ci, wanda kuwa ya talauce to lalacinsa ne ya ja masa. Daga baya ya amsa da kansa cewa a yarintarsa ya raina baƙin haure 'yan Ireland da ke wahala a masaƙun garin, ya riƙa jingina kansa da masu hali, alhali shi ma ɗan mai aikatau ne. Ya fara gane cewa launin fatarsa katanga ne a ranar da wata yarinya a ajinsu ta ƙi karɓar katin gaisuwa daga hannunsa.

Mahaifiyarsa ta mutu a 1885. A wannan shekara wasu majami'u da masu hannu da shuni na garin suka haɗa masa kuɗin karatu, suka tura shi Jami'ar Fisk da ke Nashville a jihar Tennessee, makarantar da aka kafa domin 'yantattun bayi. A can ne ya fara ganin Kudu da idonsa: wariya a jirgin ƙasa, wariya a makaranta, da mutanen da aka 'yanta ba tare da an ba su ko taƙi ɗaya na gona ba. A lokacin hutu yakan shiga ƙauyukan Tennessee yana koyar da yara a wata bukkar katako. Cikin ɗalibansa akwai wata budurwa mai suna Josie, mai tsananin son karatu, wadda aikin gona da na gida suka cinye ƙarfinta. Da ya koma ƙauyen bayan shekara 10, sai ya tarar ta mutu.

Daga Fisk ya wuce Harvard a 1888, wadda ta ƙi amincewa da digirinsa na farko, ta sa ya sake wani. A 1892 ya samu tallafi ya tafi Jami'ar Balin a Jamus, inda ya yi karatu a hannun masana tattalin arziki irin su Gustav von Schmoller, waɗanda ke koyar da cewa a fara tattara hujja kafin a yi maganar gyaran al'umma. A Turai ne ya fara zama da Turawan da ba su ɗauke shi ƙasƙantacce ba. Ya kammala digirin digirgir a 1895 da bincike a kan yadda Amurka ta yi ta jan ƙafa wajen hana cinikin bayi daga Afirka.

Lokacin da ya yi imani da alƙaluma

A 1896 Jami'ar Pennsylvania ta ɗauke shi aikin shekara ɗaya domin ya binciki rayuwar baƙaƙen fata a Unguwa ta Bakwai ta birnin Filadalfiya. Ba a ba shi aji ya koyar ba, kuma da yawa daga manyan garin sun riga sun yanke hukunci cewa baƙaƙen fata su ne tushen laifi da ƙazanta a birnin. Du Bois ya kama ɗaki a cikin unguwar tare da amaryarsa Nina Gomer, ya bi gida gida yana tambayar dubban mutane aikinsu, albashinsu, kuɗin hayarsu, adadin masu kwana a ɗaki ɗaya, da cututtukan da ke kashe su.

Littafin da ya fito daga wannan aiki a 1899, The Philadelphia Negro, yana cikin bincike na farko irinsa a tarihin nazarin zamantakewa a Amurka. Ya nuna cewa masana'antu ba sa ɗaukar baƙar fata aiki, ƙungiyoyin ƙwadago ba sa karɓarsa, wanda ya yi karatu ma yakan ƙare a dako ko aikatau, sannan yana biyan haya mai tsada a gidajen da tarin fuka ya yi wa katutu. A taƙaice, talauci da wariya ne ke haifar da abin da ake zargin jinsi da shi. Littafin bai rasa wa'azin ɗan boko ga talakawa ba, domin ya zarge su da almubazzaranci da sakaci, amma ginshiƙinsa shi ne hujja.

Da wannan fata ya koma Jami'ar Atlanta a jihar Jojiya a 1897, inda ya riƙa fitar da rahoto kowace shekara a kan kasuwanci, ilimi, lafiya da iyalin baƙaƙen fata. Ya binciki yankunan noman auduga, inda manomi ke noma gonar wani a kan a raba amfani, ya ci bashin iri da abinci a kantin mai gona, idan kaka ta yi kuma mai gonar ne ke auna audugar, shi ne ke rubuta lissafi, manomin ya shiga sabuwar shekara da tsohon bashi. A 1906 Hukumar Ƙwadago ta tarayya ta ɗauki nauyin wani babban bincike da ya jagoranta a gundumar Lowndes ta jihar Alabama a kan mallakar ƙasa da bashi. Hukumar ta karɓi rahoton, ta ƙi buga shi, daga baya kuma aka shaida masa cewa an lalata shi.

Shekarar da ta girgiza shi

A watan Afrilu na 1899 aka zargi wani baƙar fata ɗan ƙwadago mai suna Sam Hose da kashe ubangidansa bayan saɓani a kan kuɗin aiki. Du Bois ya rubuta takarda mai bayyana abin da aka sani game da lamarin cikin natsuwa, ya nufi ofishin jaridar Atlanta Constitution domin ya miƙa ta. Yana kan hanya ya samu labarin cewa gungun Turawa sun ƙone Hose da ransa a kusa da garin Newnan, a gaban mutane kusan 2,000, kuma an baje gaɓoɓin yatsunsa a wani kantin kayan masarufi da ke kan titin da yake bi. Sai ya juya ya koma jami'a. Ya gane cewa waɗanda suka yi wannan aiki ba ƙarancin bayani ke damunsu ba, kuma masani ba zai zauna yana ƙidaya ba alhali ana ƙona mutane ana barin wasu da yunwa.

Wata guda bayan haka ɗansa na fari, Burghardt, wanda bai cika shekara biyu ba, ya kamu da mashaƙo ya mutu, a garin da likitocin Turawa ba su saba duba baƙar fata ba. Iyayen suka kai gawar Great Barrington suka binne, domin ba su yarda ƙasar Jojiya ta rufe shi ba. Nina ba ta sake sakin jiki da Atlanta ba har abada.

Daga nan rubutunsa ya sauya. A 1903 ya fitar da The Souls of Black Folk, inda ya fito fili ya soki Booker T. Washington, jagoran baƙaƙen fata mafi ƙarfi a lokacin, wanda ke kira da a jingine maganar ƙuri'a da daidaito a rungumi sana'ar hannu. Du Bois ya ce wanda ba shi da ƙuri'a ba zai iya kare ko abin da ya tara da guminsa ba. A wannan lokaci ne kuma ya yaɗa ra'ayin cewa kashi ɗaya cikin goma na baƙaƙen fata, wato masu ilimi mai zurfi, su ne za su ja sauran zuwa gaba. A 1905 ya kafa ƙungiyar Niagara tare da wasu 'yan gwagwarmaya. A watan Satumba na 1906 Turawa suka far wa unguwannin baƙaƙen fata a Atlanta, shi kuwa farfesan da ya yi karatu a Balin ya sayi bindiga ya zauna gadin iyalinsa.

Mujalla, yaƙi da alkawarin da ba a cika ba

An kafa NAACP a 1909, a shekara ta gaba kuma Du Bois ya bar koyarwa ya koma New York a matsayin editan mujallarta, The Crisis. An buga kwafi 1,000 na fitowar farko. Zuwa 1919 ana sayar da kusan 100,000 a wata. Mujallar ta riƙa lissafa mutanen da aka kashe ba tare da shari'a ba, tana buga sunayensu da garuruwansu, wani lokaci har da hotuna, kamar yadda ta yi bayan ƙona Jesse Washington a garin Waco na jihar Texas a 1916.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, Du Bois ya yanke shawarar da ta zame masa abin nadama. A watan Yuli na 1918 ya rubuta sharhi yana kira ga baƙaƙen fata su ajiye ƙorafinsu har a gama yaƙi, su tsaya tare da ƙasarsu. Lissafinsa shi ne wanda ya zubar da jini domin dimokuraɗiyya a Faransa ba za a hana shi ita a gida ba. Baƙaƙen fata sama da 350,000 suka sa kaki, aka tura yawancinsu aikin dako da haƙa. Da ya je Faransa bayan yaƙi, ya samo wata takardar sirri da ke jan kunnen hafsoshin Faransa kada su yi cuɗanya da sojojin Amurka baƙaƙe ko su yaba musu fiye da kima, ya kuma buga ta a mujallarsa.

Sakamakon da sojojin suka tarar a gida shi ne bazarar 1919, lokacin da aka yi tarzomar jinsi a garuruwa da dama. A Chicago an kashe mutum 38. A Elaine ta jihar Arkansas, manoman auduga sun kafa ƙungiya ne kawai domin a riƙa yi musu lissafin gaskiya a kan amfanin gonarsu, aka bi su da bindiga aka kashe adadi mai yawa, sannan aka yanke wa 12 daga cikin baƙaƙen fatar hukuncin kisa, wanda sai da aka kai har Kotun Ƙoli kafin su tsira.

A wannan shekara ce kuma ya shirya taron haɗin kan Afirka a birnin Paris tare da Blaise Diagne, ɗan Senegal da ke majalisar dokokin Faransa. Tun a 1915 ya rubuta cewa tushen yaƙin Turai shi ne rububin dukiyar Afirka. A ganinsa manomin auduga na Jojiya da ma'aikacin haƙar ma'adinai na Kongo suna ƙarƙashin tsari ɗaya. Ya fara taka ƙasar Afirka a ƙarshen 1923, lokacin da ya je Laberiya.

Da ya gano cewa ƙuri'a ba ta cika ciki

Ziyarar da ya kai Tarayyar Sobiyet a 1926 ta burge shi, domin ya ga gwamnatin da ke iƙirarin cewa ma'aikaci ne a gaba. Amma karayar tattalin arzikin da ta soma a 1929 ce ta kammala sauya masa tunani. Baƙar fata shi ne na farko da ake sallama daga aiki. Shirye-shiryen ceto na Shugaba Franklin Roosevelt ma sun tsallake shi ta hanyoyi da dama. Dokar noma ta 1933 ta biya masu gonaki kuɗi domin su rage noman auduga, su kuwa suka karɓi kuɗin suka kori manoman da ke zaune a gonakinsu. Dokar fansho da tallafin jama'a ta 1935 ta cire ma'aikatan gona da masu aikatau, sana'o'in da mafi yawan baƙaƙen fata ke yi a lokacin.

Du Bois ya fara cewa shari'o'in da NAACP ke shigarwa kotu ba za su ciyar da kowa ba, don haka baƙaƙen fata su kafa ƙungiyoyin gama-kai na saye da sayarwa, su juya kuɗinsu a tsakaninsu tunda an riga an ware su. Shugabannin ƙungiyar, musamman Walter White, suka ɗauki wannan a matsayin amincewa da wariya. A 1934 ya ajiye aikin mujallar da ya shekara 24 yana jagoranta, ya koma Jami'ar Atlanta.

A 1935 ya fitar da Black Reconstruction in America, wanda ya sake duba shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa. Malaman tarihi na lokacin suna koyar da cewa ba wa tsofaffin bayi ƙuri'a kuskure ne da ya jawo ɓarna. Du Bois ya nuna cewa bayin da suka gudu daga gonaki su ne suka karya tattalin arzikin Kudu, kuma majalisun da baƙaƙen fata suka shiga su ne suka kafa makarantun gwamnati a yankin, waɗanda 'ya'yan talakawan Turawa ma suka amfana da su. Ya kuma amsa tambayar da ta daɗe tana damunsa, wato me ya hana talakan Bature haɗa kai da talakan baƙar fata. Amsarsa ita ce an biya talakan Bature da girmamawa a maimakon kuɗi: ana kiransa da ladabi, ana barinsa ya shiga inda aka hana wani, ɗan sanda da alƙali suna sassauta masa, shi kuwa ya haƙura da ƙaramin albashi. Masu dukiya suka ci riba ta ɓangarori biyu. Malaman jami'o'in Turawa sun yi biris da littafin na tsawon shekaru, amma yau yana cikin ginshiƙan tarihin wannan zamani.

Ankwa a hannun ɗan shekara 82

Jami'ar Atlanta ta yi masa ritayar dole a 1944, ya koma NAACP. A watan Oktoba na 1945 ya shugabanci taron haɗin kan Afirka na Manchesta a Ingila, inda mutane irin su Kwame Nkrumah, Jomo Kenyatta da Hastings Banda suka nemi a kawo ƙarshen mulkin mallaka. A 1947 ya jagoranci rubuta ƙorafi ga Majalisar Ɗinkin Duniya a kan yadda Amurka ke tauye haƙƙin 'yan ƙasarta baƙaƙe. Eleanor Roosevelt, wadda ke cikin hukumar gudanarwar NAACP kuma wakiliyar Amurka a Majalisar, ta ƙi mara wa takardar baya. Yaƙin cacar baka ya kankama, duk mai sukar Amurka ana yi masa kallon ɗan koren Mosko. A 1948 NAACP ta sallame shi. A wannan shekara ya fito ya gyara tsohon ra'ayinsa game da 'yan boko, yana mai cewa da yawa daga cikinsu sun yi amfani da iliminsu ne wajen gina kansu, suka manta da talakawan da aka ce su ja.

A 1950 ya shugabanci wata ƙaramar cibiya a New York da ke tattara sa hannun jama'a a kan kiran Stockholm na haramta makaman nukiliya. Ya kuma tsaya takarar sanata a jihar New York a jam'iyyar American Labor Party, ya samu ƙuri'a kusan 200,000. A watan Fabrairu na 1951 gwamnatin tarayya ta tuhume shi da yi wa wata ƙasar waje aiki ba tare da rajista ba, laifin da ke iya jawo ɗaurin shekara biyar. An ɗauki hoton yatsunsa, an caje shi, an sa masa ankwa na ɗan lokaci. Otal ɗin da aka shirya bikin cikarsa shekara 83 ya soke yarjejeniya, manyan baƙi da dama suka janye, aka mayar da taron wani gidan rawa a unguwar Harlem. A cikin wannan hali ya auri marubuciya Shirley Graham, bayan mutuwar Nina a 1950.

A watan Nuwamba alƙali Matthew McGuire ya kori ƙarar saboda gwamnati ta kasa kawo hujja, tun kafin Albert Einstein, wanda ya yi tayin ba da shaida a kan halinsa, ya bayyana a kotu. Abin da ya fi yi wa Du Bois ciwo shi ne waɗanda suka guje shi. Lauyoyi, likitoci da shugabannin makarantu baƙaƙe, irin mutanen da ya ɗora wa fata tun 1903, yawancinsu sun yi shiru, NAACP ma ba ta tsaya masa ba. Kuɗin kare kansa ya fito ne daga ƙungiyoyin ƙwadago, ƙananan majami'u, talakawa da magoya baya a ƙasashen waje. Ya fito daga kotun yana tunanin dubban baƙaƙen fata da ke kurkuku saboda ba su da kuɗin lauya, ba su kuma da sunan da zai sa duniya ta waiwaye su.

Duk da an wanke shi, Ma'aikatar Harkokin Waje ta hana shi fasfo. Bai samu zuwa taron Bandung na 1955 ba, bai kuma halarci bikin 'yancin kan Ghana a 1957 ba, duk da gayyatar Nkrumah. Jaridu da jami'o'i suka daina nemansa. Ya yi maraba da hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta wariya a makarantu, amma ya yi gargaɗin cewa daidaito a gaban doka zai iya ƙarewa a shigar da wasu 'yan tsirarun baƙaƙe cikin sahun masu cin gumin wasu. A zaɓen 1956 ya ƙi jefa ƙuri'a, yana mai cewa manyan jam'iyyun biyu masu kuɗi ɗaya suke wa aiki. Wannan shi ne mutumin da ya yi faɗa da Booker T. Washington a kan darajar ƙuri'a.

Inda idonsa ya rufe

Tarihin Du Bois ba zai cika ba sai an faɗi inda ya kauce. Tsananin fushinsa da Amurka ya sa ya riƙa yi wa abokan hamayyarta uzuri. Bayan ziyarar da ya kai gabashin Asiya a 1936, ya yaba wa Japan a matsayin ƙasar da ba ta Turawa ba da ta tsaya da ƙafarta, a daidai lokacin da take mamaye da yankin Manchuria na ƙasar Sin. Da Stalin ya mutu a 1953, ya rubuta masa ta'aziyya cike da yabo, ba tare da ya tsaya a kan sansanonin gwale-gwale da miliyoyin da suka halaka ba. A 1959 ya yi bikin cika shekara 91 a Beijing, ya gana da Mao Zedong, ya dawo yana yabon abin da aka nuna masa, alhali ƙasar na shiga yunwar da ta kashe miliyoyin manoma. Mutumin da ya bi gida gida a Filadalfiya domin kada ya dogara da abin da manya ke faɗa, ya karɓi bayanin gwamnatocin Mosko da Beijing ba tare da irin wannan bincike ba. Masu kare shi suna cewa baƙo ne da ake zagayawa da shi inda aka zaɓa. Masu sukarsa suna cewa labarin zaluncin Stalin ya riga ya bazu, ya ƙi saurara ne kawai.

Akra

Hukuncin Kotun Ƙoli na 1958 ya tilasta wa gwamnati mayar masa da fasfo. A 1960 ya je Ghana bikin zamanta jamhuriya, a watan Nuwamba kuma ya zo Legas domin rantsar da Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar na Najeriya. Nkrumah da Azikiwe duk sun yi karatu a Jami'ar Lincoln ta baƙaƙen fata a Amurka, kuma sun san rubuce-rubucensa tun suna ɗalibai. Nkrumah ya gayyace shi ya zo ya jagoranci aikin da ya yi mafarkinsa tun 1909, wato kundin ilimi a kan Afirka wanda 'yan Afirka za su rubuta da kansu.

A 1961 'yarsa Yolande ta mutu. A watan Oktoba na shekarar, yana da shekara 93, ya rubuta takardar neman shiga Jam'iyyar Kwaminis ta Amurka, a lokacin da jam'iyyar ta riga ta zama kufai kuma doka ke farautar 'ya'yanta. Hujjarsa ita ce jari-hujja ba zai iya gyara kansa ba. Kwanaki kaɗan bayan haka shi da Shirley suka tashi zuwa Akra, inda gwamnati ta ba su gida a unguwar Cantonments. Da ofishin jakadancin Amurka ya ƙi sabunta masa fasfo, sai ya karɓi takardar zama ɗan Ghana a farkon 1963. Ya mutu a ranar 27 ga Agusta, Ghana ta yi masa jana'izar ƙasa, aka binne shi a gefen fadar Osu da ke bakin teku, ɗaya daga cikin gine-ginen da aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi.

Dokokin da ya fara nema tun zamanin Niagara sun zo bayan mutuwarsa: ta haƙƙin jama'a a 1964, ta ƙuri'a a 1965. A 1966 sojoji suka hamɓarar da Nkrumah, Shirley ta bar Ghana, aikin kundin ya yi rauni. A ranar 23 ga Fabrairu, 1968, Martin Luther King ya tsaya a zauren Carnegie na New York a bikin cika shekara 100 da haihuwar Du Bois, ya yabe shi, ya kuma ce bai kamata a ci gaba da ɓoye cewa ya zama kwaminis a ƙarshen rayuwarsa ba. A lokacin King yana shirin kai talakawan Amurka na kowane launi Washington domin neman aikin yi da kuɗin shiga. An harbe shi a Memphis makonni shida bayan haka, inda ya je mara wa masu kwashe shara baya a yajin aikinsu.

A Great Barrington, yunƙurin keɓe filin gidan kakanninsa domin tunawa da shi a 1969 ya gamu da adawar wasu mazauna garin da ƙungiyoyin tsofaffin sojoji, kuma sai a 2020 aka sa wa wata makarantar yankin sunansa. A Ghana kuwa, an mayar da gawarsa gidansa na Cantonments daga baya, aka mai da gidan cibiyar nazarin haɗin kan Afirka. A can kabarinsa yake, tare da tokar Shirley, kusa da ɗakin da aka adana littattafansa.